Lauyan 'Yan Bindiga

Tun daga zaure Sadiƙa ta jiyo dariyar Gwaggo Bara'atu, ta kuwa san ba ta alheri ba ce. Irin dariyar da ƙanwar mahaifin nata take yi ce idan ta samo abin da za ta ci zarafin mutum da shi.

Ta shiga da sallama, jakarta ta koyarwa rataye a kafaɗa. Mahaifiyarta, Inna Kadijatu, da ke gindin turmi tana tsince gero, ita kaɗai ta amsa, ita ma can ƙasan maƙoshi.

Gwaggo na zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Ɗanta Abdulrazak, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukumar Isa, ya jingina da bango cikin farar shadda yana jujjuya waya a hannu. Ya daɗe yana neman Sadiƙa, ita kuwa ta daɗe tana ce masa ya nemi wata.

"Ga amaryar lauya ta iso," in ji Gwaggo. "Taho, ɗiyar ƙwarai. Taho ki ga aikin da anka tura masoyinki Sakkwato shi koyo."

"Gwaggo ina wuni. Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ina lahiya ta kai ta gidan da za a kawo ma suruki mai ilimi? Abdul, gwada mata."

Abdulrazak ya miƙo wayar yana murmushi.

Hoto ne na ƙofar wata kotu. Ga saurayinta Hafizullahi nan tsaye cikin farar riga da baƙin wando irin na ɗaliban shari'a, fuskarsa tar. Ya dafa kafaɗar wani dogon mutum ramamme da ya ba da baya, kansa a sunkuye.

"Kin gane mutumin naki ko?" in ji Abdulrazak. "To wanda ya dafa ɗin nan kamar ɗan'uwanshi, Shamsu na. Bahillacen da anka kama kan kisan Yaya Usmanu. An ba da belinshi shekaranjiya. Hafizullahi da abokan karatunshi sunka yi ta safa da marwa har anka sako shi."

Jakar ta zame daga kafaɗar Sadiƙa ta faɗi ƙasa.

Bara da kaka ne abin ya faru. Ita da yayanta Usmanu suna dawowa daga Sabon Birni a motar haya, 'yan bindiga suka tare hanya. Duk sun naɗe fuskokinsu da rawani, ban da mutum ɗaya da ba ya riƙe da makami. Shi ne ya nuna Usmanu da yatsa ya ce wannan ɗan Alhaji Lawwali mai hatsi ne. Usmanu ya ingiza ta cikin gonar dawa ya ce ta gudu. Tana cikin gudun ta ji harbin.

Ta ga fuskar mutumin nan sosai. Amma tun ranar jana'iza mahaifinta ya hana ta faɗa wa kowa, don ba wanda ya san ta inda magana ke kaiwa daji wurin 'yan bindiga. Da 'yan sa-kai suka kama wani makiyayi a kasuwar Sabon Birni aka wuce da shi Sakkwato, sai gidan ya ɗauka an gama. Ba a taɓa nuna mata shi ba.

"Shekara da shekaru yaro yana cin garin kwaki a jami'a," Gwaggo ta ci gaba, "ashe abin da ake koya mishi ke nan. A kashe mutum, su sa baƙar riga su je su wanke wanda ya yi kisan. Ni dama tun farko na hwaɗa. Ɗan manomin Unguwar Lalle, wai lauya! Uban da ko takalmin kirki bai da shi."

"Gwaggo, ba mu ji ta bakinshi ba."

"Bakinshi? Ai bakin na sana'arshi, ɗiyata. Da shi za shi ci abinci. Ki ba shi dama yanzun nan sai shi tabbatar miki Usmanu na yak kashe kanshi."

Sadiƙa ta dubi mahaifiyarta. Inna ba ta ɗago ba. Hannunta na cikin geron, amma ya daina motsi.

Washegari bayan la'asar Hafizullahi ya iso, don Alhaji Lawwali ya aika a kira shi. Hutun jami'a ne, yana gida. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure.

Makonni kaɗan da suka wuce, a wannan zauren Alhaji ya sa aka kawo masa fura, har ya ce ya turo manyansa bayan girbi. Yau ko tabarma ba a nuna masa ba. Abdulrazak ne zaune a gefen Alhaji yana kaɗa ƙafa.

Sadiƙa ta laɓe a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida.

"Barka da yamma, Baba."

"Kak ka sake ce min Baba. Ɗan da nike da shi yana cikin ƙasa." Alhaji ya nuna wayar da ke hannun Abdulrazak. "Kai na cikin hotonga?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Madalla. Ko ba komi ba ka yi musu ba. Na zaci za ka hwara gwada min sana'ar taku."

Hafizullahi ya sunkuyar da kai. "Alhaji, in ka yi min izini in yi bayani."

"Yi. Ai mun biya kuɗin kallo."

"A tsangayarmu ta koyon shari'a ana tura ɗaliban shekarar ƙarshe kurkuku, mu duba waɗanda anka tsare ba a kai su gaban alƙali ba. Cikin karatun na, har maki ake ba mu. An raba muna sunaye, na Shamsu ya hwaɗo hannuna. Na tarar mutum ya shekara a kulle, ba a taɓa karanta mishi laifinshi ba. Ni ɗalibi na, ban da ikon tsayawa gaban alƙali. Na rubuta abin da nig gani, malamarmu ta tsaya. Alƙali ya ba da beli, kuma ya sa ranar da za a hwara shari'ar. Ba a wanke shi ba, Alhaji. Yanzu ma za a hwara."

Abdulrazak ya bushe da dariya. "Ka ji ko, Kawu? Maki! Jinin Yaya Usmanu na anka yi jarrabawa da shi. To Malam Lauya, nawa ka ci? Ka haye ko sai an kashe wani?"

Hafizullahi bai ko dube shi ba.

"Lokacin da sunan ya hwaɗo hannunka," in ji Alhaji a hankali, "ka san kan jinin wa anka kama shi?"

"Da na buɗe fayil ɗin na sani."

"Ka sani. Kuma kana zuwa gidanga kana shan hurata."

"Na so in hwaɗa. Na rasa ta inda za ni hwara."

"Lauya ya rasa ta inda za shi hwara magana!" Alhaji ya girgiza kai yana murmushin takaici. "Yaro, na girmi ubanka. Na ga irinku da yawa. Ku tahi birni ku koyo Turancin da za ku rikita gaskiya da shi, ku dawo kuna kallonmu kamar dabbobi. Mu ke binne gawa, ku ke rubuta takarda. Amma saboda ɗiyata za ni ba ka hanya guda. Ka koma ka ce a cire hannunka daga maganagga. Ka aje karatun nan na banza, ka zo in ba ka rumfa a kasuwa ka auna gero kamar ɗan mutane. In ka yi haka, maganar aure tana nan."

Sadiƙa ta dafe ƙirji.

"Alhaji," in ji Hafizullahi, "Allah ya sani ba abin da nike so duniya kamar Sadiƙa. Amma mahaihina ya hana kanshi abubuwa da yawa don in kai inda nike. Kuma mutumin nan, in na janye, wani bai san zancenshi ba kamar ni. Ba ni iyawa."

"To tashi ka ba ni wuri."

"Alhaji, don Allah..."

"Na ce tashi! Lauyan 'yan bindiga. In na sake ganin ƙahwarka a layinga, 'yan sa-kai za ni kira su tambaye ka wa ke biyanka."

Hafizullahi ya miƙe a sanyaye. Abdulrazak ya riga shi zuwa bakin ƙofa, ya sa ƙafa ya ture masa takalmansa cikin kwata.

"Yi haƙuri, ranka shi daɗe," ya ce. "Ka kai ni ƙara."

Sadiƙa ba ta tsaya neman izini ba. Ta zari hijabi ta fita ta ƙofar baya. Ta san motocin Sabon Birni, waɗanda zai bi zuwa gida, ba sa tashi ɗai-ɗai, sai sun taru sun bi bayan motar sojoji, don haka za ta same shi a tasha.

Yana zaune kan benci a bayan rumfar mai shayi, takalmansa jiƙe. Da ya gan ta ya miƙe da sauri.

"Sadiƙa, bai kamata ki hito ba. In Alhaji ya ji..."

"Zauna. Ba soyayya ta kawo ni ba."

Bai zauna ba. Ita ma ba ta zauna ba.

"Tambaya guda za ni yi maka, Hafiz. Ka bar min Turanci, ka bar min zancen malamarku. Ka dubi idona ka rantse mutumin nan bai da hannu a kisan Yaya."

Ya dubi idonta.

"Ba ni iya rantsuwa. Ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Ya ce min ranar yana wajen Gangara da shanunshi. Babu wanda ya tabbatar, babu wanda ya ƙaryata. Ban sani ba, Sadiƙa."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Kai amma ka burge ni. Jiya na tsaya gaban Gwaggo ina kare ka. Na kwana ina ce ma raina lalle Hafiz ya gano wata gaskiya da mu ba mu sani ba. Ashe ko kai ba ka sani ba! Ka dahwa kahwaɗarshi, ka yi murmushi anka ɗauke ku hoto, alhali wataƙila hannun nan nashi na ya nuna Yayana."

"Wataƙila. Wataƙila kuma ba shi na ba. In ba shi na ba hwa? Ke nan wani bawan Allah yana ruɓewa a kurkuku, wanda ya yi abin kuma yana yawo kasuwa yana gaisawa da Alhaji."

"Kak ka yi min wa'azi. Na san karatunku. Kun iya tausayin wanda ke kulle." Ta share fuska da gefen hijabi. "Shekara guda Inna ba ta cin abincin kirki. Matar Yaya ta koma gidansu da goyo. Ni har yau in mashin ya yi ƙara sai in zabura. Wane ɗalibi anka turo ya zo ya duba mu? Wa ya rubuta namu? Ko mu babu maki a kanmu?"

Hafizullahi ya dube ta. Idanunsa suka kaɗa.

"Ba wanda ya zo," ya ce. "Gaskiyarki. Ni da nike shiga gidanku ma ban tambaya ba. Tsoro nij ji."

"Tsoron mi?"

"Tsoron abin da ya hwaru yau."

Ta kawar da kai. Yaran mota na ta kiran Sabon Birni, mata na cusa buhuna a bayan wata tsohuwar mota. Ta tsani yadda har yanzu muryarsa ke sanyaya mata jiki.

"Yaushe za a yi shari'ar?" ta tambaya.

"Farkon watan gobe. Amma ina jin ba za ta yi nisa ba. Masu gabatar da ƙara ba su da shaida ko guda. Duk wanda ke cikin motar ya ce bai ga huskar kowa ba. In ba a kawo shaida ba, alƙali za shi kori ƙarar."

"Shi tahi ke nan."

"Shi tahi ke nan."

Sadiƙa ta waiga hagu da dama. Sai ta matso kusa, ta rage murya.

"Ni na gani."

"Kin ga mi?"

"Huskar wanda ya nuna Yaya. Bai rufe ta ba. Ko cikin mutum dubu anka sa shi za ni hidda shi. Baba ya hana ni hwaɗi, ko kai ban taɓa gaya maka ba."

Hafizullahi ya dafe kai.

"Inna lillahi... Sadiƙa, kin san abin da kike hwaɗi? In kin tsaya shaida, kin tsaya ɓangaren masu ƙara. Malamarmu za ta yi miki tambayoyi masu zahi, ni kuma ina bayanta zaune, ni ke miƙa mata takardu. Ga hatsari. Kin san garinga."

"Au, yanzu ka tuna da hatsari? To hana ni. Ka ce in zauna gida don mutuminka shi tsira."

"Ba ni hana ki." Hawaye ya zubo masa, bai damu ya share ba. "In kin zo Sakkwato, da kaina za ni gwada miki ofishin mai gabatar da ƙara. A can za ki nemi a ɓoye sunanki, doka ta ba da wannan damar. Abin da anka koya min ke nan, ko da a kaina zai ƙare."

Ya laluba aljihu ya ciro waya. "Ina da hotonshi na gaba, in kina son..."

"Mai da ta." Ta ɗaga masa hannu. "Ba ni kallonshi a wayarka, kana tsaye kana karanta huskata. Gaban alƙali za ni dube shi, ido da ido. In shi na, za ni nuna shi kamar yadda ya nuna Yaya, kuma daga ranar ko a hanya ka gan ni kak ka yi min sallama. In ba shi na ba, za ni hwaɗa da ƙarhi kowa shi ji, ko Baba zai tsine min."

"In ba shi na ba, ni da ke hwa?"

"Kak ka yi saurin tambaya, Malam Lauya. Ba ka ci wagga jarrabawa ba tukuna."

Motar sojoji ta yi ham, tasha ta rikice. Ta juya ta tafi, tana jin yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba. Sai da ta sha kwana ta jingina da katangar wani gida ta yi kukan da ta riƙe.

A tsakar gida ta same su duka. Alhaji na tsaye, hannuwa a baya. Gwaggo na kan tabarmarta. Abdulrazak na gefe, da alama shi ya kai rahoton inda ta je.

"Daga ina kike?" in ji Alhaji.

Ta durƙusa. "Daga tasha, Baba."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ko kunya babu. An kori kare, ta bi shi da gudu. Yaya, ka bar ɓata lokaci. Ga Abdul nan, ɗan gida, da albashinshi, da mutuncinshi."

"Ni ko yanzu a shirye nike, Kawu," in ji Abdulrazak. "Duk da abin da ta yi."

Sadiƙa ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Duk da abin da na yi? Yaya Abdul, ranar da anka ce a je a ɗauko gawar Yaya Usmanu daga bakin hanya, maza sunka hito, kai ka ce cikinka ke ciwo. Tun daga ranar ba ka taɓa tambayar inda maganar ta kwana ba, sai da ka samu hoton da za ka yi neman aure da shi. Aikinka ke nan, tura takalmin baƙo cikin kwata. Ko maza sun ƙare ba ni aurenka."

"Ke! Ɗan nawa kike hwaɗa ma haka?" Gwaggo ta yunƙura.

Sadiƙa ta juya ga mahaifinta, muryarta ta yi laushi.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zancen aure na zo da shi ba. Watan gobe za a yi shari'ar mutumin nan, kuma babu shaida. In ba wanda ya je, sakin shi za a yi, ba za mu taɓa sanin ko shi na ba. Ni na ga huskar. Ina neman izininka in tahi Sakkwato in tsaya gaban alƙali."

Fuskar Alhaji ta canza. Fushin ya gushe, wani abu mai kama da firgici ya maye gurbinsa.

"Yaron nan ya zuga ki."

"Bai san ma na gani ba sai yau. Kuma in na je, shi za ni ɓata ma aiki."

"Ba ki zuwa! Na binne guda, ba ni binne na biyu. Kotun banza kotun wofi, da za su yi wani abu da sun yi tuntuni. In kin taka ƙofar gidanga da sunan Sakkwato, ki nemi wani uban. In ga wanda zai kai ki!"

Gwaggo ta gyara zama tana taɓe baki, Abdulrazak ya koma latsa waya.

Sai aka ji an ajiye ƙwarya a ƙasa.

Inna Kadijatu ce ta miƙe daga gindin turmi, ta karkaɗe zanenta. Tun rasuwar Usmanu ba a taɓa jin ta sa baki a wata magana ta gidan ba. Ta tako a hankali har inda 'yarta ke durƙushe, ta kama hannunta ta tashe ta tsaye.

"Alhaji," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ni na haihe shi. Ina son in ga wanda ya nuna min ɗa. Ni za ni kai ta."